Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

Tun da harin 'yan bindiga ya tsananta a Zamfara, mutanen ƙauyukan Birnin Tsaba da kewaye suna ta gudu zuwa Zurmi, Shinkafi da Kaura Namoda. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara a Shinkafi da Zurmi, ta tarar kusan ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Bayan yunwar ciki kuma akwai ciwon zuciya. Masu wannan ciwo sukan zo wurinmu neman shawara. To, yaya muke karɓarsu?

Mu ma mun taɓa kuskure. Wata gwauruwa ta zo mana da kuka, nan da nan muka shirya mata koyon ɗinki. Sati biyu ta daina zuwa. Da muka bi sawu, ta ce, "Malam, barci nake nema, da ɗana ya koma makaranta." Ashe ba mu tambaye ta ba.

A Markus sura 10, Yesu yana ganin makantar Bartimawus, duk da haka sai da ya tambaye shi bukatarsa. Masana ma sun gano amfanin haka. A 1951 Carl Rogers na Amurka ya wallafa littafi a kan shawarar da mai damuwa ke jagoranta. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin PM+, zama biyar da wanda ba likita ba zai iya gudanarwa bayan horo. A ciki, mai damuwa ne ke zaɓar matsalar da za a fara da ita.

Ga abin da za mu riƙe. Na fari, mu tambaya, mu yi shiru mu saurara. Na biyu, a faɗi burin da bakin mai shi. Na uku, a raba abin da ke hannunsa da wanda ya fi ƙarfinsa: tsaron hanyar Shinkafi ba ya hannun gwauruwa, amma ganin hedimasta ranar Litinin yana hannunta. Na huɗu, a sake zama bayan mako a duba. In ya sauya buri, kada mu ji haushi.

Sai dai in mutum yana maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti nan take.

Fastoci, dattawa da zumuntar mata, mu rage gaggawar ba da amsa. Ubangiji ya ba mu kunnen ji. Amin.