Kujerar da Ba Ta Riƙe Kowa: Yawan Sauyin Shugabanni a Jam'iyyar SPD ta Jamus

Daga 1946 zuwa 1987, mutum uku kacal suka shugabanci jam'iyyar SPD a Jamus ta Yamma: Kurt Schumacher, wanda ya fito daga sansanin gwale-gwalen Hitila da raunin jiki mai tsanani, sai Erich Ollenhauer, sai Willy Brandt da ya riƙe kujerar daga 1964 har zuwa 1987. Biyun farko mutuwa ce ta raba su da muƙamin. Amma daga saukar Brandt zuwa 2025, mutum goma sha biyar aka zaɓa a kan wannan kujera, ban da waɗanda suka yi riƙon ƙwarya. A daidai wannan zamani babbar abokiyar hamayyarta, CDU, ta zauna ƙarƙashin Helmut Kohl daga 1973 zuwa 1998, sannan Angela Merkel daga 2000 zuwa 2018. Franz Müntefering, wanda ya hau kujerar SPD sau biyu, ya taɓa kwatanta ta da muƙamin da ya fi kowane daɗi in ban da na Paparoma. Zamansa na farko bai kai shekara biyu ba, na biyun kuma ya ɗan wuce shekara guda.

Ruwa ba ya tsami banza. Tare da wannan sauye-sauye ƙuri'un jam'iyyar suka riƙa zaizayewa. A zaɓen 1972 Brandt ya samu kashi 45.8 cikin ɗari. Gerhard Schröder ya kayar da Kohl a 1998 da kashi 40.9. A 2009 aka faɗo zuwa 23, a 2017 zuwa 20.5, sannan a zaɓen 23 ga Fabrairun 2025 jam'iyyar ta tashi da kashi 16.4, mafi muni tun da aka fara zaɓen majalisar Bundestag a 1949, tana bayan CDU da ƙawarta CSU, tana kuma bayan AfD mai ƙyamar baƙi. Masu katin jam'iyya sun haura miliyan ɗaya a tsakiyar shekarun 1970; yanzu ba su kai dubu ɗari huɗu ba. Tambayar da ta dace a yi ita ce: sauyin shugabannin ne ya kori masu zaɓe, ko gudun masu zaɓe ne yake korar shugabannin?

Wasu daga cikin sauye-sauyen ƙaddara ce ko laifin mutum shi kaɗai. Björn Engholm ya sauka a 1993 bayan ta bayyana cewa bai faɗa wa kwamitin bincike gaskiya ba game da wata badaƙalar siyasa a jihar Schleswig-Holstein. Matthias Platzeck, wanda aka zaɓa a ƙarshen 2005 da ƙuri'u sama da kashi 99, rashin lafiya ce ta sauke shi bayan 'yan watanni. Waɗannan ba su faɗa mana komai game da jam'iyyar ba. Sauran su ne suke da darasi.

A ganina tushen matsalar shi ne ƙasar da jam'iyyar ta tsaya a kai ta sauya. SPD ta samo asali ne daga ƙungiyar ma'aikata da Ferdinand Lassalle ya kafa a birnin Leipzig a 1863, kuma fiye da shekara ɗari ƙarfinta yana hannun mahaƙan kwal, da ma'aikatan masana'antar ƙarfe, da ƙungiyoyin ƙwadago. A yankin Ruhr yaro yakan taso ya tarar mahaifinsa da katin ƙungiyar ƙwadago da katin jam'iyya, shi ma ya bi sahu. Shirin Godesberg na 1959, wanda jam'iyyar ta yi ban kwana da aƙidar Markisanci a cikinsa, ya buɗe ƙofa ga malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da ɗalibai, wannan haɗin ne kuma ya kai Brandt ga mulki a 1969. Sai masana'antun suka fara rufewa. Mahaƙar kwal ta ƙarshe a Ruhr, wadda ke garin Bottrop, an rufe ta a Disambar 2018. 'Ya'yan ma'aikatan da manufofin ilimi na SPD suka kai jami'a, da yawansu sun koma jam'iyyar Masu Kare Muhalli, wadda ta shiga majalisa a 1983. Waɗanda aka bari a baya kuma suka fara neman wata inuwar. Shugaban SPD na yau dole ya yi magana da direban babbar mota da malamar jami'a da ɗan fansho a lokaci guda, alhali abin da suke so game da baƙin haure, da farashin makamashi, da haraji, ya sha bamban.

A da jam'iyyar tana da dabarar ɗaukar wannan saɓani. A shekarun 1970 mutum uku suka raba aikin: Helmut Schmidt yana shugabancin gwamnati daga 1974 zuwa 1982 ba tare da ya taɓa zama shugaban jam'iyya ba, Brandt yana riƙe da zukatan 'ya'yan jam'iyya, Herbert Wehner kuma yana tsare da 'yan majalisa da hannu mai ƙarfi. Ba shiri suke yi sosai ba, amma kowa ya tsaya a gonarsa. Waɗanda suka gaje su, da ake yi wa laƙabi da jikokin Brandt, sun kasa wannan. A babban taron Mannheim na 1995 Oskar Lafontaine ya yi jawabi guda da ya motsa wakilai, washegari ya tsaya takara ya kayar da shugaba mai ci Rudolf Scharping. A Maris ɗin 1999, watanni kaɗan bayan an kafa gwamnati, shi kansa Lafontaine ya ajiye muƙamin ministan kuɗi da shugabancin jam'iyya a rana ɗaya saboda saɓaninsa da Schröder. Daga nan aka koyi cewa ana iya tuɓe shugaba cikin kwana ɗaya, kuma jam'iyyar ba ta manta darasin ba.

Babban raunin da har yau bai warke ba shi ne shirin Agenda 2010, wanda Schröder ya gabatar a Maris ɗin 2003. Rashin aikin yi ya yi yawa a lokacin; a farkon 2005 marasa aiki sun haura miliyan biyar. Dokar da aka fi sani da Hartz IV, wadda ta fara aiki a Janairun 2005, ta haɗe tallafin waɗanda suka daɗe ba aiki da tallafin mabuƙata, ta yadda mutumin da ya shekara talatin yana biyan inshora zai iya wayar gari, bayan ɗan lokaci na zaman banza, a mataki ɗaya da wanda bai taɓa aiki ba, kuma sai ya karɓi kusan duk aikin da aka miƙa masa. Masana tattalin arziki suna ta muhawara kan rawar da shirin ya taka wajen raguwar rashin aikin yi daga baya. Abin da babu jayayya a kai shi ne yadda ma'aikata suka ji: jam'iyyarsu ce ta yi musu wannan. Schröder ya miƙa shugabancin jam'iyya ga Müntefering a 2004 don a kwantar da ƙura. A 2005 SPD ta rasa jihar North Rhine-Westphalia bayan shekara 39 tana mulki, Lafontaine ya fice, kuma a 2007 ya zama ɗaya daga cikin shugabannin sabuwar jam'iyyar Die Linke, wadda ta kwashi fusatattun 'yan ƙwadago.

Tun daga nan duk wanda ya hau kujerar sai ya amsa tambaya ɗaya: Agenda abin alfahari ce ko abin neman afuwa? In ya kare ta, ɓangaren hagu da matasan jam'iyya su taso masa. In ya nesanta kansa da ita, ministocin jam'iyya da ke cikin gwamnati su ja baya. Kurt Beck ya yi ƙoƙarin sassauta wasu sassanta, ya sauka a Satumbar 2008 yana ƙorafin an yi masa maƙarƙashiya daga cikin gida.

Sai kuma zaman ƙaramar abokiya a gwamnatin haɗin gwiwa. SPD ta zauna ƙarƙashin Merkel daga 2005 zuwa 2009, da kuma daga 2013 zuwa 2021. Ta yi aiki na gaske. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa baki ɗaya, yuro 8.50 a awa, Andrea Nahles ce ta kawo shi a 2015 tana ministar ƙwadago. Amma yabon ya tafi wajen shugabar gwamnati. Labarin Martin Schulz ya nuna yadda wannan tarko yake cin mutum. A Maris ɗin 2017 wakilai suka zaɓe shi da kashi ɗari bisa ɗari. A daren zaɓen Satumba ya ce jam'iyya za ta koma adawa. Da tattaunawar Merkel da sauran jam'iyyu ta rushe, shugaban ƙasa Frank-Walter Steinmeier, shi ma ɗan SPD ne, ya matsa a koma teburi, Schulz ya janye maganarsa, kuma a Fabrairun 2018 ya sauka. Nahles, mace ta farko da ta shugabanci jam'iyyar, ta gaje shi a Afrilu, ta yi murabus a Yunin 2019 bayan an samu kashi 15.8 a zaɓen majalisar Turai. Yadda abokan tafiyarta suka yi mata a waɗannan makonni abin kunya ne ga jam'iyyar da take kiran kanta gidan zumunci.

Illar wannan ɗabi'a ta wuce ɓacin suna. Mai zaɓe yana buƙatar shekaru kafin ya san mutum ya yarda da shi, kuma shugaban da yake lissafin ko zai kai babban taro na gaba ba zai ɗauki matakin da sai bayan shekara biyar za a ga amfaninsa ba. Sauke shugaba bayan kowace faɗuwa yana sa 'ya'yan jam'iyya su ji kamar an yi hukunci, alhali ainihin muhawarar an sake ɗage ta. Har ta kai manyan firimiyoyin jihohi suna gudun kujerar: a 2019 dukkan mutum ukun da suka yi riƙon ƙwarya sun ce ba za su nema ba.

Duk da haka adalci ne a faɗi cewa sauyin 2019 ya haifar da abin da ba a zata ba. Masu katin jam'iyya suka zaɓi Saskia Esken da Norbert Walter-Borjans, waɗanda ba a san su sosai ba, suka kayar da Olaf Scholz da Klara Geywitz. Maimakon ramuwa, sababbin shugabannin suka tsayar da Scholz takarar shugabancin gwamnati a Agustan 2020, aka daina jifan juna a jaridu, kuma a 2021 SPD ta zo ta ɗaya da kashi 25.7. Tsohuwar dabarar raba aiki ce ta dawo. Kurakuran ɗan takarar CDU, Armin Laschet, sun taimaka ƙwarai, amma ba don zaman lafiyar cikin gida ba da jam'iyyar ba ta ci moriyarsu ba. Gwamnatin Scholz ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa yuro 12 a 2022, ta kuma maye gurbin Hartz IV da tsarin Bürgergeld a 2023. Sai dai yaƙin Ukraine, da tsadar makamashi, da rigimar kasafin kuɗi suka cinye ta, har Scholz ya kori ministan kuɗi Christian Lindner a 6 ga Nuwambar 2024. Wannan ya nuna cewa haɗin kan shugabanni kaɗai bai isa ya dawo da masu zaɓe ba. A Gelsenkirchen, tsohon garin mahaƙa da aka daɗe ana ɗauka gidan SPD ne, AfD ce ta zo kan gaba a ƙuri'ar jam'iyyu a 2025.

Jihohi kuwa suna ba da wani hoto dabam. Bremen tana hannun SPD tun 1945, Brandenburg tun 1990, inda Dietmar Woidke ya tsallake da ƙyar a gaban AfD a 2024. Anke Rehlinger ta samu cikakken rinjaye a Saarland a 2022. Stephan Weil ya mulki Lower Saxony daga 2013 zuwa 2025. A irin waɗannan wurare fuska ɗaya mutane suke gani shekara da shekaru, kuma suna auna ta da makaranta da asibiti da hanyar da suke bi. Inda babu irin wannan mutum, kamar Thuringia da Saxony, jam'iyyar ta samu ƙasa da kashi takwas a 2024.

Bayan faɗuwar 2025 jam'iyyar ta sake shiga gwamnati a matsayin ƙaramar abokiya, wannan karon ƙarƙashin Friedrich Merz na CDU. Lars Klingbeil, wanda ya jagoranci jam'iyyar tare da Esken zuwa ga wannan faɗuwa, ya zama mataimakin shugaban gwamnati kuma ministan kuɗi, Esken kuwa ta tafi ba muƙamin minista. Wakilai sun nuna ɓacin ransu a babban taron Yunin 2025: Klingbeil ya samu kashi 64.9, sabuwar abokiyar shugabancinsa Bärbel Bas, 'yar Duisburg da ta taso daga gidan ma'aikata, ta samu 95. Su biyun duka ministoci ne, don haka babu wanda ya tsaya a waje yana magana da muryar jam'iyya kamar yadda Brandt ya yi a zamanin Schmidt. Kuma Bas, a matsayinta na ministar ƙwadago, ita yarjejeniyar haɗin gwiwa ta ɗora wa aikin tsaurara tsarin Bürgergeld, wanda jam'iyyarta ta kawo domin wanke kanta daga Hartz IV.