Biya wa Ɗan'uwa Karatu

A makarantar allo ba malam kaɗai ke biyawa ba. Kolo ya cije a kan baƙi, sai wanda ya ɗan fi shi nisa ya matso, ya ɗora yatsa bisa allon, ya biya masa har ya kama. Irin wannan ake nufi da haɗa yara bibbiyu a ajin boko, mai ƙarfin karatu da mai rauni. Turawa ma koyo suka yi: Andrew Bell ya ga manyan yara na koya wa ƙanana rubutu a kan yashi a Madras ta Indiya, ya buga bayanin dabarar a Ingila a 1797.

Buƙatar a fili take. A binciken PASEC na 2014, ɗaliban Nijar masu gama firamare da suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai 1 cikin 10 ba. Yaron ƙauyen Agiye, Gazawa ko Gidan Rumji da Hausa yake tashi, ya shiga CI, ajin farko na firamare, ya tarar da Faransanci. Mushe, wato malamin aji, ya karanta, aji ya amsa baki ɗaya, wanda bai iya ba ya fake cikin hayaniya yana motsa leɓe. Da haka wani ke kaiwa CM2, ajin ƙarshe, ba a gano shi ba.

In su biyu ne kan littafi guda, babu wurin fakewa. Sukan fara tare da murya, yatsa na bin layi. Mai rauni ya ji zai iya, sai ya ƙwanƙwasa benci, abokin ya yi shiru. In mai raunin ya cije, a dakata masa kamar daƙiƙa biyar kafin a faɗa masa kalmar, ya maimaita, su ci gaba. Dakatawar nan ita ce mai wuya, don yaro mai ƙoƙari bakinsa ƙaiƙayi yake, kuma wanda ake fizge wa kalma hadda zai yi, ba karatu ba.

Kada a haɗa na ɗaya da na kashin baya. Tazarar ta yi yawa, mai ƙoƙarin ya ƙosa, mai raunin ya ji kunya. Bulala kuwa kada ta shiga hannun mai biyawa. A ƙarshen shafi sai ya rufe littafin ya ce, “To, gaya mini da Hausa, me ya faru?”