Rahoton Majiyyaci Ɗaya da Darasin Ciwon Zuciyar Masu Jego a Zariya

A ilimin likitanci akwai wani gajeren rubutu da likita ke yi idan ya gamu da abin da bai saba gani ba. Yakan bayyana yadda majiyyaci ya zo, alamomin ciwonsa, gwajin da aka yi masa, maganin da aka ba shi, da yadda aka ƙare, sannan ya aika wa mujallar likitoci. Masana sun ajiye irin wannan rahoto a ƙasan matakan hujja, can bayan manyan binciken da ake kwatanta dubban mutane. Sun yi daidai. Amma wanda ya ɗauki wannan matsayi a matsayin rashin amfani bai san yadda ilimin cututtuka ke farawa ba, kuma tarihin aikin asibiti a ƙasar Zazzau ya isa shaida.

Tun da mishan ta bar cikin birnin Zariya ta koma Wusasa a 1929, wannan unguwa ta zama ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyin aikin asibiti a Arewa. A nan asibitin St. Luke yake, kuma daga nan Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, ya fito. Da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar likitanci, sai likitocin asibitin koyarwarta suka lura da wani abu da littattafan Turai suka ce ba kasafai ake gani ba: mata masu jego na zuwa da kumburin ƙafa da haki, zuciyarsu ta gaza. Daga mace ɗaya zuwa biyu, sai abin ya zama jeri. A 1978 Neil Davidson da Eldryd Parry suka wallafa bayanin mata 224 da suka duba a Zariya. An ƙiyasta cewa kusan haihuwa ɗaya cikin 100 na ƙarewa da wannan ciwo a yankin, adadin da yake cikin mafi yawa a duniya. Sun kuma lura cewa ya fi tsananta a lokacin zafi da damina, suka danganta shi da wankan jego, da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa. Hujjarsu mai kama hankali ce: gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki.

Wannan bayani ya yi shekaru yana yawo a littattafan ciwon zuciya. Sai dai yana da raunin da kowane rahoto irinsa ke da shi. Likita na ganin waɗanda suka kwanta ciwo ne kawai, ba ya ganin dubban matan da suka yi wankan jego na kwana arba'in, suka sha kunun kanwa, suka tashi garau. Idan kusan kowace mai jego a gari tana bin al'ada ɗaya, samun al'adar a tarihin marasa lafiya ba ya tabbatar da cewa ita ce sanadi. Sai an kwatanta da masu lafiya. Abin da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa suka yi ke nan a wani bincike na ƙasa baki ɗaya da aka wallafa a 2020, inda suka tattara mata 406 masu ciwon suka auna su da masu jego lafiyayyu. Abin da ya fito fili shi ne rashin karatu, rashin aikin yi, rama, da hawan jinin juna biyu. Wankan jego da kunun kanwa ba su tsaya a matsayin sanadi ba. Tun kafin nan, bincike a Yamai da Kano ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin masu wannan ciwo.

Wani zai ce, ashe ke nan rahoton farko ya ɓatar da mutane, ya ɗora wa al'ada laifin da talauci ya fi cancanta. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma duniya ta ga inda abin ya fi haka muni: a 1998 wani likita a Ingila ya yi amfani da labarin yara 12 ya alaƙanta rigakafin ƙyanda da wata lalurar ƙwaƙwalwa, iyaye suka guji allura, ba a janye rubutun ba sai a 2010. Amma a dubi abin da rahoton Zariya ya samu daidai. Ya tabbatar cewa ciwon yana nan da yawa, ya siffanta shi yadda likitan karkara zai gane shi, ya kuma ajiye tambayar da masu bincike na baya suka zo suka gwada. Shawarar rage gishiri ga mai raunin zuciya ma tana nan daram. Kuskure yana shigowa ne lokacin da mai karatu ya mayar da zato hukunci. Rahoton majiyyaci kamar shaidar ganin wata ne: dole wani ya fara cewa ya gani, amma ba a ɗaukar azumi sai an tantance.

Akwai kuma lokutan da jiran babban bincike ganganci ne. Zazzaɓin Lassa ya shiga ilimin duniya ne ta bayanin ma'aikatan jinya uku na mishan da suka kamu a Lassa da Jos a 1969. Wasiƙar wani likita a Ostireliya a 1961 tana cikin abin da ya tona illar maganin talidomaid ga jarirai a ciki. Rahoton mutum biyar a Los Angeles a 1981 ne ya fara sanar da cutar ƙanjamau. Sabuwar cuta da illar magani da ba a saba gani ba, duka ta kan mutane ƙalilan suke fara bayyana.

Saboda haka ma'aunin amfani da irin wannan hujja a sarari yake. Ta isa ta sa likita ya yi hattara, ya ƙara gwaji, ko ya dakatar da maganin da yake zargi. Ba ta isa ta sa a sauya tsarin jinyar jama'a ko a yanke cewa wani magani yana warkarwa ba. Kuma tun da marasa lafiya sukan fara zuwa ƙananan asibitoci irin na Wusasa da kewaye kafin a tura su asibitin koyarwa da ke Shika, ya kamata a koya wa likitoci da ungozomomin waɗannan wurare rubuta abin da suka gani dalla-dalla, da izinin majiyyaci, tare da sakaya sunansa. Jami'a kuma ta ɗauki nauyin gwada waɗannan zato da wuri, don kada a sake shafe shekara arba'in tsakanin tambaya da amsarta.