Garafuni: Lokaci ya yi da za a riƙa shuka shi a gida

A ƙauyukan ƙasar Hausa ba a san garafuni da manomi ba. Ruwan farko na sauka zai tsiro da kansa a gindin darni ko a bakin gona, ya kama kara ya hau, kafin tsakiyar damina ya lulluɓe danga da ganyensa mai yatsu. Idan mace ta haihu, tsohuwar gidan ba ta tura kowa kasuwa. Bayan gida take zagayawa ta yago abin da zai isa, a dafa wa mai jego fate ko a yi mata kwaɗo, saboda an gaji sanin cewa yana wanke ciki, yana gyara nono, yana kuma taimaka mata ta mayar da jinin da ta zubar. Masu fama da basir da ciwon ciki da zazzaɓi su ma sun san ɗacinsa.

Yau wannan sauƙin yana ƙarewa. Katangar bulo ta maye gurbin darni a garuruwa da ƙauyuka da yawa, siminti kuwa ba shi da abin da yaɗo zai kama. A gonaki kuma maganin feshi ya shigo, wanda bai san bambancin ciyawar banza da tsiron magani ba. Duk abin da ba masara ko dawa ba, ƙone shi yake yi. Shi ya sa matar birni take sayen busasshen garafuni a ƙulle a leda, ba ta san inda aka tsinko shi ba, ba ta san ko an yi feshi a wurin jiya ba, ta kuma dafa wa mai shayarwa. Wannan abin tsoro ne, alhali maganinsa bai fi ƙarfin kowa ba: a shuka shi a gida, kamar yadda ake shuka zogale.

Garafuni ɗan dangin kabewa da duma da kankana ne. Masana tsirrai suna kiransa Momordica balsamina, sunan da Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, ya ba shi a 1753, kuma asalinsa na Afirka ne. J. M. Dalziel, likitan Turawan mulkin mallaka da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya sanya shi cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa wanda ya fito a 1916. Ba mu kaɗai muke cinsa ba. A kudancin Mozambik ganye ne na miya da suke kira kakana, suna dafa shi da gyaɗa, har noma shi ake yi a kai kasuwa. Yana da ɗan'uwa mai manyan 'ya'ya, Momordica charantia, wanda Indiyawa ke kira karela suna soya shi su ci da abinci.

Kafin a kai ga noma, ya kamata a faɗi gaskiya kan maganin, domin masu tallar magani a lasifika sun ɗora wa garafuni nauyin da ya fi ƙarfinsa. A 2006 masu bincike a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato sun auna abin da ke cikin ganyen, suka samu yana da sinadaran gina jiki da ma'adanai masu amfani, wanda ya nuna tsofaffinmu ba su yi kuskure ba da suka sa shi cikin abincin jego. A Jami'ar Lisbon ta ƙasar Fotugal kuma an tace wasu sinadarai masu ɗaci daga jikinsa, aka ga suna yaƙar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a ɗakin gwaji. Amma abin da ya yi aiki a kwalbar gwaji daban, abin da zai warkar da yaro mai zazzaɓi daban. Nijeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya, saboda haka yaron da jikinsa ya yi zafi asibiti za a kai shi a gwada jini, ba a tsaya jiƙa ganye ba. Haka batun ciwon suga. Karela ce aka fi bincika a kan wannan, kuma bitar da ƙungiyar masana lafiya ta Cochrane ta yi a 2012 ta ce hujjar da ake da ita ba ta isa a ce tana maganin cutar ba. Mai shan maganin suga na asibiti da ya haɗa da garafuni ba da sanin likitansa ba, suga na iya faɗuwa masa ƙasa fiye da kima. Mai juna biyu kuwa ta nisance shi ɗungum, don an san shi da ɗan'uwansa karela da taɓa ciki. Na mai jego ne, bayan an sauka lafiya.

To, yaya ake shuka shi? Farko a nemi wuri mai rana, domin a inuwa sai ya yi ta miƙewa siriri ba ganyen kirki. Ƙasa mai rairayi da ba ta riƙe ruwa ita ce tasa. Jigawar da gero ke so, shi ma yana so. Babban maƙiyinsa kwantaccen ruwa ne, wanda ke ruɓar da saiwa cikin 'yan kwanaki. Idan ƙasar gidan taɓo ce ko laka, a yi kunya ko ɗan tudu, a gauraya da yashi. Wanda gidansa duk siminti ne ya samu tsohon bokiti ko buhun da ya ƙare, ya huda ƙasansa, ya cika da ƙasa da ruɓaɓɓen kashin awaki ko na shanu. Takin ya zama ya kwana biyu. Ɗanye ƙone tsiro yake yi. Takin zamani ba dole ba ne.

Irin yana da ɓawo mai tauri, shi ya sa wani lokaci yake jinkirin fitowa har mutum ya fid da rai. A jiƙa shi a ruwa ya kwana, sannan a binne ƙwaya biyu ko uku a rami ɗaya, zurfin gaɓar yatsa, a bar kamar taku ɗaya tsakanin rami da rami. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai huda ƙasa. Farkon damina, wajen watan Yuni, shi ne lokacin da ya fi dacewa. Ana iya yinsa da rani idan akwai ban ruwa, sai dai sanyin hunturu yana sa shi nawa, gara a jira ɗumi ya fara shigowa.

Abin hawa shi ne rabin aikin, kuma a nan yawanci ake sakaci. Garafuni yana fitar da wani siririn zare a gefen kowane ganye, wanda ke lalube a iska har ya taɓa abu ya nannaɗe shi, kamar yadda jariri ke damƙe yatsan da aka miƙa masa. Zaren ba ya iya kama abu mai kauri ko mai santsi, don haka karan dawa, siraran sanduna, igiya ko wayar raga sun fi ginshiƙi amfani. A kafa su tun ranar shuka, domin idan aka bari sai ya girma, kafa sanda na iya tsinka saiwa. Mai katangar bulo ya buga ƙusoshi a sama ya sako igiyoyi zuwa ƙasa. Yaɗon na iya kai mita huɗu ko biyar, kuma wanda ya hau sama ya fi wanda ya kwanta a ƙasa tsabta da lafiya, iska na ratsa shi, ruwan sama ba ya watsa masa taɓo. Idan ya kai tsayin ƙirji a tsinke kansa, zai yi rassa ta ko'ina, ganye ya yawaita.

Da damina ba ya bukatar ban ruwa sai in an yi fari. Na cikin bokiti kuwa kullum a taɓa ƙasar, in ta bushe a zuba, a gindi, ba a kan ganye ba. Akuya ba ta san ɗaci ba idan ta ga kore, a killace.

Ƙwari suna zuwa, amma ba su kai a firgita ba. Darɓa takan taru a bayan sabon ganye ta sa ya nannaɗe, akwai kuma wani ƙuda da ke huda 'ya'yan ya yi ƙwai a ciki su ruɓe. A daka ganyen darbejiya a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu a yayyafa da yamma. 'Ya'yan da suka ruɓe a tsinke a binne su da zurfi. Ganyen da ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, a cire shi a ƙone. Roƙona ɗaya: kada a kusanto da maganin ƙwari na gona. Abin da za a dafa wa mai shayarwa ne, kuma gudun wannan gubar ce ta sa aka shuka shi a gida tun farko. Ban da haka, furensa rawaya kashi biyu ne a jikin tsiro ɗaya, namiji da mace, ƙudan zuma ne ke haɗa su. Idan aka kashe su babu 'ya'ya, babu iri.

Bayan kamar wata ɗaya da rabi ana iya fara tsinkar ganye. A ɗebi sabbin rassa da safe, kada a wuce kashi ɗaya bisa uku a lokaci guda, zai sake tohowa. Wanda za a ajiye a wanke shi, a baza a tabarma mai tsabta a inuwa inda iska ke kaɗawa. Rana tana cinye korensa da ƙarfinsa. Sai ya bushe ƙarau yana karyewa a hannu sannan a zuba a kwalba ko gwangwani mai murfi. Wanda ya yi baƙi ko yake warin rima, a zubar.

'Ya'yan suna farawa kore da ƙuraje a jiki, su koma ja mai ruwan lemo, sannan su fashe da kansu su bayyana iri lulluɓe da jan abu mai yauƙi. Jan yana jan hankalin yara, a sa musu ido, domin nunannun 'ya'yan da ƙwayar suna sa amai da gudawa. Mai neman iri kada ya jira su fashe, tsuntsaye da tururuwa za su riga shi. Da zarar sun yi ja ya tsinke daga tsiron da ya fi lafiya, ya wanke yauƙin, ya shanya ƙwayoyin a inuwa kamar mako guda, ya zuba a kwalba da ɗan toka ya rufe, ya ajiye nesa da murhu. Tsiro biyu ko uku sun isa su ba gida ganyen shekara da irin baɗi, har a sam wa maƙwabta.