Ciwon Ƙirji Da Ya Ƙi Jin Magani: Amfanin Motsa Jiki

Akwai ciwon ƙirji da ke tasowa idan jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini suka ƙuntata. Mutum na tafiya ko yana aiki sai ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, in ya tsaya ya huta sai ya lafa. Idan ciwon ya wuce wata 3 ana shan magani bai daina ba, kuma likitoci suka ga tiyata ba za ta yiwu ba, shi ake kira wanda ya ƙi jin magani.

Iyali sukan ce wa mai ciwon ya kwanta kawai. Tausayi ne, amma yawan kwanciya yana raunana jiki, har ɗan aiki kaɗan ya riƙa tayar da ciwon. Likita William Heberden na Ingila, wanda ya bayyana wannan ciwo a 1772, ya ba da labarin wani mai ciwon da ke yankan katako da zarto rabin awa kullum, har ya kusa warkewa. Idan jiki ya saba da motsi, zuciya ba ta bugawa da sauri a kan aikin da a dā yake wahalar da ita, don haka jinin da take samu ya kan ishe ta.

Sai dai huɗa da garma ko ɗaukar buhun masara a gonakin Damari ba shi ake nufi ba. Ana nufin tafiya a hankali wadda likita ya auna. A fara zuwa Babban Asibitin Funtua, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a gwada zuciya. Bayan haka a soma da minti 5 zuwa 10, ana ƙarawa mako-mako. A yi tafiyar cikin gari tare da wani, ba da sanyin asubar hunturu ba, ba kuma bayan an ci tuwo an ƙoshi ba. Maganin da ake sawa ƙarƙashin harshe ya kasance a aljihu, kada kuma a daina shan sauran.

In ciwon ya taso, a tsaya a zauna. In ya ƙi lafawa, ko ya zo da gumi da haki, a garzaya asibiti. Ɗan'uwa ko 'yar'uwa da za ta raka mai ciwon tafiya kowace yamma ta yi masa babban taimako.