Me Ke Sa Tsoka Ta Ƙage?

Idan Basarke yana tuƙa kwalekwale a tafkin Kainji, tsokokin damtsensa bibbiyu suke aiki: ɗaya tana tsukewa, abokiyarta tana sassautawa. Duka umurnin biyu daga ƙwaƙwalwa suke gangarowa ta cikin lakar gadon baya. Da zarar umurnin sassautawa ya katse, sai tsoka ta ƙage, hannu ya lanƙwashe, ƙafa ta riƙa zabura ba da son mai ita ba.

Ɗaya daga cikin cututtukan da ke katse wannan umurni ita ce wadda likitoci ke taƙaita sunanta da MS, wadda Jean-Martin Charcot na Faransa ya bayyana a 1868. Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo suna da wata riga mai maiƙo, mai suna mayalin, tamkar robar da ke lulluɓe wayar lantarki. A cutar MS garkuwar jiki ce ke far wa wannan riga, sai saƙo ya yi jinkiri ko ya ɓace a hanya. A 2020 an ƙiyasta masu ita a duniya sun kai miliyan 2.8, akasarinsu a Turai da Amurka ta Arewa. Ba a warkar da ita, amma miƙe gaɓoɓi kullum da magunguna irin su baclofen suna rage taurin tsoka.

A ƙasashe masu zafi ba a cika samun MS ba. A Yawuri da Ngaski da Shanga abin da ya fi kusa shi ne shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini kan haddasa, da kuma ciwon sarƙe haƙora. Ƙwayar wannan ciwo tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana kuma shiga jiki ta raunin ƙugiya, ko saran fartanya, ko cibiyar jariri da aka yanke da reza marar tsabta. Dafinta yana toshe umurnin sassautawa a laka, sai muƙamuƙi ya sarƙe, baya ya banƙare, har numfashi ya gagara.

Bambancin yana da muhimmanci ga malami da ɗalibi. Taurin da ya daɗe yana bukatar binciken likita da motsa jiki. Amma wanda muƙamuƙinsa ya sarƙe kwanaki bayan rauni, asibiti za a kai shi a ranar. Ita kuwa rigakafin tana cikin alluran da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14, da kuma wadda ake yi wa mata masu ciki.