BARKONO: BAƘON DA YA ZAMA ƊAN GARI

Duk wanda ya bi ta Keffi da yamma, bayan an sauko daga sallar La'asar, ba sai an nuna masa inda masu tsire suke ba. Hayaƙi ne zai fara taryensa tun daga bakin tasha, sa'an nan ƙanshin ƙuli-ƙulin da ya ji wuta ya biyo baya. In ya tsaya ya saya, mai tsire zai yanka masa a takarda, ya zuba albasa, ya ɗebo yaji da yatsu uku ya barbaɗa, sa'an nan ya ɗaga kai ya tambaye shi ko a ƙara. Da wuya a sami mai cewa a'a.

Wannan tambaya ita ce dai ake yi a Agege da Obalende a Ikko, da Sabo ta Badun, da Shagamu, da Anacha, da Fatakwal, watau duk inda ɗan Arewa ya kafa tukuba. Saboda haka mutane da yawa suka ɗauka barkono tun fil azal na ƙasar Hausa ne. To, ba haka ba ne. Barkono baƙo ne, ya zo daga nesa ƙwarai, kuma yadda ya yi ya sami wurin zama a tukunyar kowace al'umma abin dubawa ne ga duk wanda ya bar gida ya tafi neman abinci a Kudu.

INDA YA FITO

Asalin barkono nahiyar Amurka ne. Mutanen ƙasar Meziko sun fi shekara 6,000 suna nomansa kafin wani mutumin Afirka ko Asiya ko Turai ya ɗanɗana shi. Sai bayan da Kolombus ya ƙetare teku a shekarar 1492 sa'an nan irinsa ya fito. Turawan Fotugal, waɗanda suka gina ganuwar Elmina a gaɓar Ghana ta yau a 1482, suka sauka Birazil a 1500, suka kuma kama Gowa ta ƙasar Indiya a 1510, su ne suka fi yawo da shi a jiragen ruwa. Daga bakin teku kuwa fatake suka ɗauka suka shiga da shi cikin ƙasa.

Kafin zuwansa ba a ci miya salam ba. Akwai masoro da kimba da citta mai 'ya'ya da fasaƙwari, ga kanumfari da ke zuwa ta hannun 'yan kasuwa. Amma barkono ya fi su sauƙin kai. Yana fita a bayan ɗaki, talaka na iya shuka shi, in an shanya shi ya bushe ya kai wata shekara. Ba shi kaɗai ya zo ba. Gyaɗa da masara da rogo da tumatir duk daga can suka fito. Ke nan in aka duba yajin tsire, gyaɗar ƙulinsa 'yar Amurka ce, barkonon ɗan Amurka ne, citta mai yatsu kuwa asalinta Asiya. Abin da ke na Bahaushe shi ne hannun da ya haɗa su, kuma wannan hannu ya isa abin alfahari, don har babban ƙamus na Turanci na Oxford ya shigar da kalmar "suya" cikinsa, aka ba da sanarwar haka a farkon 2025.

A KASUWAR KEFFI

Keffi wuri ne da ya dace a ga yadda baƙi ke zama 'yan gari. Abdu Zanga ne ya kafa garin wajen shekarar 1800, a ƙarƙashin Zazzau, kuma tun zamanin da nan ne zangon fataken da ke tasowa daga Kano da Zariya su nufi Loko a bakin Binuwai. Yanzu ma motocin da suka fito daga Abuja za su Lafiya da Makurɗi da Inugu ta nan suke ratsawa. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, aka kuma kafa jami'ar jihar a garin, jama'a sai daɗa ƙaruwa suke yi. Ga Hausawa da Fulani, ga Gwandara da Gbagyi da Eggon da Mada, ga Tibi da Yarbawa da Ibo. A nan ne ƙasar tuwo ta haɗu da ƙasar sakwara.

In mutum ya shiga layin 'yan gwari zai tarar an kasa barkono iri-iri. Ga attarugu, gajere mai ƙanshi da zafin tsiya. Ga tattasai, wanda aikinsa ba da launi da kauri. Ga shambo dogo, ga kuma busasshen barkono ƙanana da ake aunawa a mudu. Kunne ma ya isa ya ji cewa attarugu da "ata rodo" na Yarbawa ɗanjuma ne da ɗanjummai, haka tattasai da "tatase", shambo da "sombo". Kasuwa ce ta haɗa bakunan.

Kaya ɗaya ake saye, amma kowace mace da inda ta nufa da shi. Bahaushiya ta jajjaga attarugu da albasa a turmi ta zuba a taushe, ko ta daka busasshe da daddawa don miyar kuka, in kuwa akwai mai jego a gidan sai a daka mata yaji na musamman. Ko fura ba a kirɓa ta sai da ɗan barkono da citta. Maƙwabciyarta Bayarbiya ta kai tattasai da tumatir da attarugu inji a markaɗa, ta soya da manja har man ya taso sama. Ta ukunsu ta yi farfesun kifi wanda zai sa mai mura ya yi gumi.

KOWACE ƘASA DA HANNUNTA

Abin da ake gani a unguwa ɗaya ta Keffi shi ne ake gani a duniya baki ɗaya. A Ghana ana soya garin barkono da busasshen kifi da albasa da citta cikin mai, a bar shi kan wuta har ya yi baƙi. Suna kiransa shito, yana daɗewa bai lalace ba, shi ya sa ɗaliban makarantun kwana ba su rabo da shi. A Habasha ana haɗa barkono da tafarnuwa da citta da hulba da wasu kayan ƙanshi a daka, shi ne barbare, da shi ake miyar kaza mai yawan albasa da dafaffen ƙwai. A Tunusiya ana jiƙa busasshen jan barkono a kirɓa da tafarnuwa da gishiri da man zaitun, a sami harisa, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2022. Alhazai kuwa ba sai an gaya musu shatta ba, sun ci ta da shinkafa a Makka da Madina.

Indiya ita ce ta fi kowace ƙasa noman busasshen barkono. Dabarar matansu ita ce a jefa shi cikin mai mai zafi tare da sauran kayan ƙanshi, don man ya ja zafin da ƙanshin ya raba su ko'ina cikin abincin. A lardin Sicuwan na ƙasar Sin ana haɗa barkono da wasu 'ya'yan itace masu sa harshe ya yi zuu, kuma itacen nan dangin fasaƙwari ne. Mutanen Koriya suna shafa wa kabeji gishiri da garin barkono da tafarnuwa, su rufe a tulu ya kwana biyu ya yi tsami, kamar yadda ake barin kalwa ta ruɓa kafin ta zama daddawa. Sunansa kimci, da wuya su ci abinci babu shi.

A Meziko, gidansa na asali, ana gasa busasshen barkono a niƙa da riɗi da gyaɗa har da ɗan cakulan, a yi miya mai kauri a ci da talotalo ko kaza. A Hangari ta Turai ana mai da jan tattasai gari, a dafa naman shanu da shi da albasa. A tsibirin Jamaika kuwa, inda yawancin mutane jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne, ana tsuma nama cikin attarugu a gasa shi kan itace a bakin hanya. Mai balangu daga Keffi in ya je can zai ga ɗan'uwansa.

ME KE KAWO ZAFIN?

Wani sinadari ne da masana ke kira kafsesin, kuma ya fi taruwa a farin jijiyar nan ta ciki da 'ya'yan ke manne da ita. Uwargidan da ke son ƙanshin attarugu ba tare da zafinsa ba sai ta kankare wannan jijiya. Sinadarin ba ya narkewa a ruwa, sai a mai. Shi ya sa wanda yaji ya kama ya yi ta kwankwaɗar ruwa a banza, alhali da ya kurɓi nono ko madara da ya sami sauƙi. Tsuntsaye kuwa ba su jin zafinsa ko kaɗan, su ne ke ci su watsa irin a daji.

A 1912 wani Ba'amurke mai haɗa magunguna, Wilbur Scoville, ya ƙago ma'aunin zafin barkono. A wannan ma'auni koren tattasai na Turawa ba shi da ko ɗaya, attarugu kuwa yana tsakanin 100,000 da 350,000. Wani masanin Hangari, Albert Szent-Györgyi, daga tattasan ƙasarsu ya tace bitamin C mai yawa, ya kuma karɓi kyautar Nobel a 1937. Ɗanyen jan barkono ya fi lemon zaƙi yawan wannan bitamin in aka auna su nauyi ɗaya. Game da gyambon ciki kuma, likitoci sun gano cewa wata ƙwayar cuta da yawan shan magungunan kashe zafin jiki su suka fi kawo shi. Amma fa wanda ke da shi yaji na iya tayar masa da ciwo, sai ya yi hattara.

RANAR DA BARKONO YA YI YAJI

Yawancin barkono da tumatir da ake ci a biranen Kudu daga lambunan Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa da Filato suke zuwa. Ba a san haka sosai ba sai a 2021. A watan Fabrairu na shekarar rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha ta Badun, aka yi asarar rayuka da dukiya. A ƙarshen watan haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan kayan abinci da dabbobi ta shiga yajin aiki, aka tsai da motocin kaya. Cikin 'yan kwanaki kayan miya suka yi tsada a kasuwar Mile 12 ta Ikko har wasu gidaje suka rage miya. A Arewa kuwa kaya suka taru a hannun manoma, farashi ya faɗi, tumatir da attarugu suka riƙa ruɓewa a kwanduna. A farkon Maris aka sasanta, motoci suka tashi.

Babu wanda ya ci riba a wannan mako. Mai miya a Ikko ta gane tukunyarta na rataye da lambun Kadawa, manomin Kadawa shi ma ya gane kuɗin takinsa daga aljihunta yake fitowa. Tsakaninsu kuwa ɗan Arewa mazaunin Kudu ne, mai sauke kwando da mai kasawa da mai tukuba, kuma shi wuta ke fara ci duk ran da aka ɓata.

AMANA

Abin da zai kare masa matsayinsa shi ne amana, kuma a sana'ar barkono amana ana ganinta a abu biyu. Na farko shanya. Barkonon da aka baza a gefen kwalta yana kwasar ƙura da hayaƙin mota da kashin awaki, in kuma aka ɗura shi a buhu bai gama bushewa ba sai ya yi fumfuna. Wata irin fumfuna tana fid da dafin da ke lalata hanta, dahuwa kuwa ba ta kashe shi. Maganin abin tabarma ko leda mai tsabta, da haƙuri har ya bushe ƙayau, da tsince duk wanda ya yi baƙi.

Na biyu algus. Akwai masu zuba wa garin barkono jan rini ko dusa don ya yi kyau a ido, ya kuma yi auki. A 2005 sai da aka kwashe ɗaruruwan kayan abinci daga kantunan Ingila saboda an sami irin wannan rini cikin garin barkonon da aka yi su da shi, rinin da ake zargin yana kawo ciwon daji. Mai tsiren da ya san ciwon kansa ya sayi barkono ɗungum, ya tsaya a kai a niƙa a gabansa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. In mutum ɗaya ya ci yajin banza a Agege ya kwanta, ba sunan mai tukubar za a kama ba, "Malam" za a ce, kowa da kowa ya shiga ciki.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Barkono dai ya fi shekara 400 a wannan yanki bai tashi ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa takardar shaidar ɗan ƙasa, domin kowa ya san abin da yake ƙara wa miya. Masu kai shi Kudu, daga Keffi ko Kano ko Sakkwato, Allah ya ba su kasuwa mai albarka, ya zaunar da su lafiya da masu masaukinsu, ya kuma mai da kowa gida cikin rufin asiri, amin.